Zancen Gida: Ƙaunar da Ba a Faɗa

Iyaye 'yan'uwanmu, a wannan wata muna so mu taɓa wata al'ada da muka gada, wato kunyar ɗan fari. A Kebbe da Tambuwal, kamar sauran ƙasar Hausa, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta ce "yaron nan". Uba kuma ba ya wasa da shi a gaban mutane. Sau da yawa da an yaye shi sai a kai shi wurin kaka. Al'adar ta daɗe, har Baba ta Karo ta ba da labarinta cikin littafin da Mary Smith ta buga a 1954.

Ba mu ce kunya mugun abu ba ce. Amma a gidaje da yawa ta wuce ɗan fari, ta rufe bakinmu ga dukan 'ya'ya. Mukan noma gero domin su, mu ɗinka musu riga, mu kwana ba barci in suna zazzaɓi. Duk da haka maganar da suka fi ji daga bakinmu ita ce ta faɗa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to, yaro bai iya karatun fuska ba tukuna. Abin da kunnensa ya ji, shi zuciyarsa take riƙewa.

Ku duba abin da ke biyo baya. Bayan girbi samarinmu sukan tafi cin rani Legas ko Ibadan. Wanda bai taɓa jin kalmar ƙauna a gida ba, me zai jawo hankalinsa ya komo? 'Yarmu kuwa, in ba ta ji daga wurinmu ba, za ta gaskata mutum na farko da ya faɗa mata, ko da maƙaryaci ne.

Ubanmu na Sama bai yi shiru ba. A kogin Urdun, lokacin baftismar Yesu, ya furta ƙaunarsa ga Ɗansa da murya (Matiyu 3:17). In Allah ya faɗa, mu su wane ne da za mu ɓoye?

Ba sai mun karya al'ada ba. Uwa tana iya cewa "Ina ƙaunarka" ba tare da ta kira suna ba. Uba, in kun dawo daga gona, ka ce wa yaro, "Madalla, na ji daɗinka yau." In kun hore shi, kada rana ta faɗi ba ku ce masa kun yi ne don kuna sonsa ba. A kuma faɗa wa kowane ɗa, kada a zaɓi ɗaya a bar saura.

Da fari bakin zai yi nauyi. A gwada dai yau da dare, bayan addu'ar iyali. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.