Ranar Tashi A N'Djamena: A Yanke Ciniki Kafin A Ɗaga Katifa

Ƙarshen wata a N'Djamena lokacin tashi ne. Wanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, da wanda mai gida ya ba wa wa'adi, da amaryar da za ta tare, da ma'aikacin da ya gaji da biyan ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, kullum daga Gasi zuwa Farsha, duk a 'yan kwanakin nan suke fitowa neman masu dako. Ba a shan wahalar samunsu. A bakin Kasuwar Dembe, da Kasuwar Gero, da Babbar Kasuwa, ga su nan zaune kusa da kurarsu ta ƙarfe mai taya biyu, wadda mutanen gari ke kira pus-pus. Gefe guda ga masu babur mai ƙafa uku da bodi a baya, can gaba kuma ga tsofaffin a-kori-kura suna jiran mai babban kaya.

Kayan ciki da falo ba su da yawa: gado da katifa, kabad, fanka, talabijin, tukunyar gas, buhun hatsi, akwatunan tufafi, sai kwanuka da tangaran na uwargida. To amma sau da yawa abin da iyali suka mallaka a duniya ke nan. Duk da haka sai a miƙa su ga mutanen da ba a san sunansu ba, ba a san inda suke kwana ba, a kan magana guda ɗaya wadda kowa ya saba ji: "Mu je dai, maigida, ba za mu ɓata ba."

Ana ɓatawa kuwa, kuma a ƙofar sabon gida ake ɓatawa, gaban maƙwabtan da ba a ko gaisa da su ba tukuna. Mai kaya ya miƙa abin da ya ga ya dace, mai dako ya ƙi karɓa, ya ce ba a faɗa masa sawu uku ba ne, ba a faɗa masa sai an tsallaka gada ba. Uwargida ta buɗe kwali ta tarar madubin kabad ya tsage. Wa zai biya? Babu shaida, babu wanda za a kai wa ƙara. Mai ƙarfin murya ne ke yin nasara, ɗayan ya tafi yana Allah ya isa.

Wannan rigima ba ta rasa nasaba da yadda birnin ya tashi. Faransawa sun kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusiri da aka kashe Rabe da kwamanda Lamy, a daidai inda kogin Logon ke haɗuwa da Shari. A 1973 Shugaba Tombalbaye ya sauya masa suna zuwa N'Djamena. Ƙidayar 2009 ta samu mutane kusan miliyan ɗaya a cikinsa, kuma tun daga lokacin bai daina buɗewa ba, ta Digel da Lamaji a arewa, ta Atron da Gasi a gabas, ta Waliya da Tukra a hayin kogi. A ƙaramin gari, wanda zai tashi yakan kira 'yan'uwa da samarin unguwa, a dafa shayi, a kwashe kaya kafin azahar. A birni mai gundumomi goma, inda ɗan'uwa ke can wani gefen gari yana fafutukar abincinsa, dole a ɗauki baƙo a biya shi.

Kuma mutanen N'Djamena sun san tashin da ba a shirya masa ba. Bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008 an yi rusau a unguwanni da dama, har ƙungiyar Amnesty International ta ƙirga gine-gine fiye da 3,700 da suka ɓace cikin kimanin shekara guda, ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam. A Oktoban 2022 ruwan Shari da Logon ya mamaye Waliya da maƙwabtanta a gunduma ta tara, aka riƙa fitar da katifu da buhuna a kwalekwale, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a ranar 19 ga watan. A 2024 ambaliya ta sake dawowa, ta shafi mutane kusan miliyan biyu a faɗin Chadi. A duk waɗannan lokuta, masu kura da masu kwalekwale ne suka fitar da abin da ya rage wa talakawa. A irin ranakun nan kuma farashi ba shi da linzami, domin wanda ruwa ya kai wa gwiwa ba ya tsayawa ciniki.

Ko a ranar lafiya ma, nisa ba shi ne kaɗai ke yanke kuɗi ba. Daga Mursal zuwa Paris-Kongo taku kaɗan ne, kura ta isa. Daga Shagwa zuwa Waliya sai an bi gada, a kutsa cikin babura da manyan motocin da ke zuwa Ngeli, ƙofar shigowar kaya daga Kamaru. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, layin da ba shi da kwalta yakan zama taɓo mai kama taya, mota ta tsaya a bakin titi, sauran tafiyar a yi ta da kai. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce maki 40, wanda ya tura kura da tsakar rana a lokacin ya san abin da ya sha. Ga man fetur: tun da aka ɗaga kuɗin lita daga sefa 518 zuwa 730 a Fabrairun 2024, mai babur da mai a-kori-kura suna lissafin kowane sawu. Duk waɗannan abubuwa ne da ya kamata a faɗe su tun a tasha, amma kunya da gaggawa sukan sa a yi shiru.

Akwai ma wani tarko da baƙo daga Kano ko Maiduguri ke faɗawa. A kasuwar N'Djamena da riyal ake lissafi, riyal ɗaya kuwa sefa biyar ne, kamar dala a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram. Idan mai dako ya ce dubu da Larabcin Chadi, sefa 5,000 yake nufi. Wanda bai tambaya ba sai ya ɗauka ya yi arha, ya kuma gane kurensa bayan an sauke kaya.

Mai son ya san darajar wannan sana'a ya tsaya ya kalli gwani yana loda kura. Buhun hatsi da tukunyar gas yake fara sawa a tsakiya, daidai kan taya, don kada nauyi ya rinjayi hannu. Sai ya jera ƙarafan gado a tsaye, ya kwantar da kabad a kan tabarma, ya cusa matasai tsakanin madubi da katako. Katifa ce ta ƙarshe, ita ke rufe komai. Sannan ya ɗauko igiyar roba da aka yanko daga tsohon tiyub, ya ja, ya taka ƙarfen kura da ƙafa, ya sake ja har sai kayan sun daina motsi. Kafin ya tashi sai ya ɗaga hannun kurar ya gwada, in ya ji ta karkata ya kwance ya sake. Wannan ilimi ne da aka koya da ciwon baya, kuma shi ne ke raba kayan da suka isa lafiya da waɗanda suka zube a kwana.

Mutumin nan fa ba shi da kowa a bayansa. Mafi ƙarancin albashi a Chadi sefa 60,000 ne a wata tun 2011, akwai kuma asusun CNPS da ke kula da haɗarin aiki da fansho, amma waɗannan na mai takardar ɗaukar aiki ne. Ɗan dako aikin yini yake yi. Da yawansu ba su mallaki kurar ba, haya suke biya ko sun samu ko ba su samu ba. In kabad ya faɗo masa a ƙafa, maganin daga aljihunsa zai fito, kwanakin jinyar kuma kwanakin yunwa ne. Saboda haka mai kayan da ya matse shi har ya karɓi abin da bai kai ba, bai yi wayo ba. Wanda aka ƙware a ciniki yakan yi sauri don ya kama wani aikin, ya loda sawu biyu a sawu ɗaya, saurin kuma shi ke fasa tangaran. Araha ba ta ado.

Maganin ba baƙo ba ne a wannan gari. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Abeshe, ya gindaya cewa ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, tana inganta ne idan an ambaci lada an kuma yanke wa'adi. Malaman Malikiyya sun ɗauki wanda aka ɗauka aiki a matsayin amintacce: ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri. Hukunci biyu ke nan da suka isa su kashe yawancin rigingimun ƙofar gida. Mai kaya ba shi da ikon ɓoye yawan aiki, ba shi da ikon zaftare lada don kofi ya fashe a ramin hanya. Mai dako kuma ba shi da mafaka in ya ƙi ɗaure kaya ko ya yi gudun ganganci.

Tarihin Hausawan Chadi ma yana da darasi. Kakanninsu sun zo ne a kan hanyar Hajji da fatauci, daga Kano su bi ta Borno, su tsallako Fort-Lamy, su nufi Abeshe da Sudan, kamar yadda masanin tarihi John Works ya bayyana a littafinsa na 1976 a kan al'ummomin Hausawa a Chadi. Mutanen nan sun yi hulɗa da baƙi a ƙasar da ba su san harshenta ba, kuma abin da ya riƙe su shi ne mai tsayawa. Ayari yana da madugu, baƙo yana da mai masauki wanda zai lamunce shi, ya kuma shaidi cinikinsa. Har gobe a manyan kasuwannin Kano, irin su Kantin Kwari da Dawanau, 'yan dako suna da ƙungiya da shugabanni, ɗan kasuwa ya san wurin wanda zai je in dila ta yi ɓatan dabo.

Don haka mai shirin tashi ya fara da neman mai tsayawa. Ya je tashar masu kura mafi kusa da unguwarsa, ya tambayi babbansu, ya bar shi ya zaɓo masa mutane. Ya kawo ɗaya daga cikinsu gida ya ga kayan da idonsa, ya faɗa masa unguwar da za a je da halin hanyarta. A yanke kuɗi a sefa, a faɗi ko na sawu ne ko na aikin gaba ɗaya, a faɗi ko saukewa da shigarwa ɗaki suna ciki, duk a gaban mutum na uku. A karɓi lambar waya, a ƙirga ƙunshi kafin a tashi, wani daga cikin iyali ya bi kayan. Kuɗi da gwal da takardun makaranta da na fili su zauna a jakar mai su. A fara da sanyin safiya, a tanadi ruwan sha. In an gama a biya nan take, hannu da hannu ko ta Airtel Money ko Moov Money, ba tare da "ka dawo gobe" ba.

Sauran aikin na hukuma ne. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2012 gundumomin N'Djamena suke da majalisunsu da magadan garinsu, a ƙarƙashinsu kuma akwai masu unguwanni da suka san kowane layi. Ba abu ne mai tsada ba kowace gunduma ta buɗe rajistar tashoshin masu dako: sunan tasha, sunan shugabanta, sunayen mambobi, da lamba a jikin kowace kura da kowane babur. Mai kaya zai san inda zai kai kuka. Mai dako na kirki zai samu abin da zai bambanta shi da ɓarawon da ya ari kura na yini ɗaya. Ƙungiyar da ke da rajista tana iya yin adashi don jinyar wanda ya ji rauni, tana kuma iya zama da magajin gari kafin damina a amince da farashin kwashe kaya in ruwa ya taso.

Akwai masu tsoron cewa rajista za ta zama wata sabuwar ƙofar karɓar kuɗi, a wayi gari ana kama kurar talaka don ba ta da lamba. Tsoron yana da tushe, domin masu ƙaramar sana'a a biranen yankin nan sun sha ganin takarda ta zama bulala. Shi ya sa ya kamata rajistar ta zama kyauta, ta zama da son rai, kuma littafin ya zauna a hannun shugabannin tasha, gunduma ta riƙe kwafi kawai. Idan jama'a suka fara tambayar lamba kafin su ba da aiki, masu dako da kansu za su nemi shiga, ba sai an tura musu ɗan sanda ba.

Gunduma ta bakwai, mai Dembe da Shagwa da Habena, da gunduma ta tara, wadda ruwa ya ci a 2022, su ne suka fi dacewa su fara gwadawa. Abin da ake buƙata littafi ne, da gwangwanin fenti na rubuta lamba, da zama ɗaya tsakanin magajin gari da shugabannin tasha kafin ruwan Yuni ya sauka.