Kafin a Gyara Faifai, a Fara Ceton Abin da ke Cikinsa

Ba ƙaramin tashin hankali ba ne ɗalibi ya kunna kwamfutarsa ta gida, ya nemi kundin binciken da ya shekara yana rubutawa, na'ura ta ce fayil ɗin ya lalace. Abin da akasarin mutane kan yi shi ne su gaggauta ba da umarnin gyaran faifai, wato chkdsk. Wannan gaggawa kuwa kuskure ce.

Dalili shi ne, aikin chkdsk bai wuce daidaita rajistar faifai ba, wadda ke nuna inda kowane fayil yake. Ba ya maido da rubutun da ya salwanta. Idan ya tarar da gutsattsarin bayanai marasa mazauni, yakan tara su cikin wata jaka mai suna FOUND.000. Rajista ta daidaita, amma mai yiwuwa kundi ya zama tsumma.

Har ila yau, cutar faifai iri biyu ce. Ta farko rikicewar rajista ce, wadda kan auku idan aka ɗauke wuta na'ura tana tsakiyar rubutu, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ta biyu rauni ne a jikin faifan kansa, wanda farantansa ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. Umarnin chkdsk /r yakan tilasta wa faifai karanta kowane sashe nasa na tsawon sa'o'i, don haka yana iya ƙarasa mai raunin, tamkar a sa majiyyaci gudu domin a auna ƙarfinsa.

Akwai darasi cikin halittar jikin ɗan Adam. Sinadarin gado na DNA zare biyu ne. Idan ɗaya ya sami tabo, ƙwayar halitta takan yanke wurin, ta cike gurbin ta hanyar duba ɗayan. Binciken hanyoyin gyaran DNA ne ya sa aka ba masana uku lambar Nobel a 2015. Ashe gyara na gaskiya yana bukatar lafiyayyen kwafi.

Saboda haka, tsarin da ya dace shi ne a fara kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai dabam. Daga nan a duba rahoton S.M.A.R.T., wanda faifai ke ajiyewa game da lafiyarsa. In an ji yana ƙas-ƙas, a kashe na'urar nan take, a nemi gwani. Sai bayan duk wannan ne ya kamata a ba da umarnin chkdsk /f.

Wasu za su ce faifai na biyu da na'urar UPS mai riƙe wuta suna da tsada. Gaskiya ne, sai dai ana sayar da su a kasuwa, kundin shekara guda kuwa babu mai sayar da shi. Wanda bai tanadi kwafi ba, ya yi shirin sake rubutawa daga shafin farko.