Daga Abuja Zuwa Ikko: Awa Ɗaya Ko Yini Guda?

Kwanan baya wani aminina ya bar gidansa a Abuja da hantsi, zai halarci ɗaurin aure a Ikko bayan Azahar. Ya ce mini ai tafiyar awa ɗaya ce. Bai isa ba sai da aka yi Magariba, an raba goro, kowa ya watse. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu zauna yau mu yi lissafi.

Tsakanin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja da na Murtala Muhammed da ke Ikeja, in an miƙe ta sama, kilomita 500 ne da 'yan kai. Ta hanyar mota kuwa, wadda ke bi ta Lokoja, nisan ya kai wajen kilomita 750, kuma direba kan share awa goma ko fiye. Jirgin fasinja na zamani yakan ci kilomita kamar 800 cikin awa guda in ya daidaita a sama. To, amma sai ya ɗauki lokaci yana hawa, ya kuma ɗauki lokaci yana sauka, shi ya sa tafiyar kan cika awa ɗaya. Wato dai aminina bai yi ƙarya ba, lissafinsa ne bai cika ba.

Ga abin da ya manta. Daga tsakiyar Abuja zuwa filin jirgi tafiyar kilomita wajen 40 ce. Ana bukatar fasinja ya hallara tun da sauran lokaci, a binciki kayansa. In damina ce, hadari kan hana tashi. In hunturu ne, hazo kan hana sauka. Sa'an nan ga cunkoson motoci na Ikko yana jiran wanda ya sauka lafiya. In an tara duka, awa ɗaya ta zama biyar, ko da kome ya tafi daidai.

Wannan magana ta wuce ta ɗaurin aure. Lokacin da gwamnatin Janar Murtala ta tsai da shawarar gina Abuja a 1976, babbar hujjarta ita ce wurin yana tsakiyar ƙasa, kowa zai iya isa ba da wahala ba. Aka tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Amma a watan Maris na 2017, da aka rufe filin Abuja har mako shida don gyaran hanyar saukar jirgi, wadda ita kaɗai ce tilo, sai jirage suka koma sauka a Kaduna, ana kwaso fasinja a mota da rakiyar jami'an tsaro. A nan muka gane cewa kusancin da muke taƙama da shi ya rataya ne a kan kwalta guda.

Saboda haka kirana biyu ne. Hukuma da kamfanonin jirage su riƙa faɗa wa fasinja gaskiya da wuri in za a yi jinkiri, domin lokacin talaka ma lokaci ne. Kai kuma matafiyi, ka ƙirga tafiyarka daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar da ka nufa. In sha'anin mai muhimmanci ne, ka kwana can.

Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya, amin.