AMBALIYA BA TA SAN BAƘO BA: WA'AZI GA 'YAN AREWA MAZAUNA KUDU

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan Arewa mazauna biranen Kudu, wadda lokaci ya yi da za a yi mata jana'iza. In an yi wa mutum zancen gyaran lambatun ƙofar shagonsa, ko ɗaga daɓen ɗakinsa, sai ya kada baki ya ce ai shi baƙo ne, neman kuɗi ya kawo shi, gidansa yana Kano ko Sakkwato. To, wane irin baƙo ne wannan da ya shekara talatin a wuri guda, ya yi aure, ya aurar, jarinsa kaf yana cikin rumfa ɗaya? Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta. Wanda kakansa ya yi fataucin goro da shanu a can, ba shi da bakin kiran kansa baƙo. Ko da ma baƙon ne, ruwa ba ya tambayar asali kafin ya shiga ɗaki.

Tarihi ya isa shaida. Ranar 31 ga Agusta, 1980, kogin Ogunpa ya tumbatsa ya ratsa tsakiyar Badun, ya rushe gidaje da kantuna, ya halaka mutane fiye da 100. Yarabawa suka sa wa abin suna "Omiyale", wato ruwa ya shigo gida. Aka yi kuka, aka yi alkawura, sannan aka koma barci. Ranar 26 ga Agusta, 2011, ruwa ya sake mamaye birnin, aka kuma rasa rayuka fiye da 100. A 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru, Binuwai da Kwara suka cika suka batse, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar muhallinsu. A 2022 abin ya fi muni: mamata sun haura 600, ruwa ya datse hanyar Lakwaja, manyan motocin da ke ɗauko kayan gwari da dabbobi daga Arewa suka yi kwanaki a tsaye. Dukiyar wa ta ruɓe a cikin motocin nan, in ba ta waɗannan masu kiran kansu baƙi ba?

Masu cewa ƙaddara ce su yi hattara da harshensu. Saukar ruwan sama daga Allah ne, babu mai musun wannan. Amma wanda ya kafa rumfa a kan magudanar ruwa, ya cika kwalbati da ruɓaɓɓen tumatir da ledar ruwa, ba shi da hujjar ɗora wa ƙaddara laifin hannunsa. Ruwa yana da hanyarsa tun kafin a yi kasuwa, in an tare masa ita zai nemi wata, sau da yawa kuwa ta cikin shagon wanda ya tare yake bi.

Wani babban kuskure shi ne auna daminar Kudu da ma'aunin Arewa. A Katsina ko Haɗeja, da Satumba ta ƙare an fara kakkaɓe laima. A Ikko da Badun damina hawa biyu take yi: ta farko tana tsananta a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta komo da ƙarfinta a Satumba da Oktoba. A wannan zango na biyu ne madatsar Oyan da ke kusa da Abekuta, wadda aka buɗe a 1983, takan cika har a saki ruwanta cikin kogin Ogun. Daga nan sai ya gangaro kan Isheri da kasuwar shanu ta Kara da unguwannin kewayen Mile 12, inda 'yan Arewa suke da yawa, kamar yadda aka gani a 2010 da 2019 da 2023. Ikko kuwa ƙasa ce mai kwari a bakin teku; in ruwan teku ya hau, lambatu ba ya iya zubarwa, sai ruwa ya komo da baya. Wanda ya san wannan ba zai jibge buhunan wake a ƙasa cikin Oktoba yana cewa damina ta wuce ba.

Abin yi a fili yake, galibinsa kuma bai kai kuɗin buhu guda da ake asara ba. Mai neman hayar ɗaki ko shago ya je dubawa da damina, ya kalli bango, domin ruwan bara yakan bar zanensa a jiki, kuma arahar haya a bakin rafi tarko ce. Mai shago ya ɗora kayansa bisa katako ko benci, sama da inda zanen nan ya tsaya, ya ɗaga dokin ƙofa da bulo, ya tanadi buhunan yashi tun kafin hadari ya haɗu, don ba a fafe gora ranar tafiya. A mayar da soket ɗin lantarki sama, a kashe wuta daga mita da zarar ruwa ya shigo. Takardun haya da rasit da littafin bashi a naɗe su cikin leda a ajiye a sama, kuɗi kuma a kai banki. Masu dabbobi su san tudun da za su kora su tun da wuri. Kada direba ya yi wa ruwa mai gudu jarumta, domin zurfin ƙafa biyu ya isa ya tafi da mota. Wanda yake ƙyamar inshora saboda addini, ya sani akwai takaful a ƙasar nan, ya je ya yi tambaya.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su ma akwai nasu. Kowace safiya ana karɓar kuɗin rumfa da na sauke kaya. Ina laifin a ware wani kaso a yashe magudanai kafin Afrilu, a sake yashewa cikin Agusta? Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, amma mai turin baro da mai sayar da albasa ba su san an yi ba. Me ya hana shugabanni su sa a fassara, a yi shela a kasuwa da tasha? Shugaban da ba a ganinsa sai ranar rabon kayan agaji bai cancanci rawaninsa ba.

Mafi nauyin laifi dai yana wuyan hukuma. Tun 1982 aka gama Lagdo, amma madatsar Dasin Hausa ta Adamawa, wadda aka tsara don ta tare ruwan, ba a gina ta ba har ambaliyar 2012 da ta 2022 suka zo suka wuce. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli na Tarayya, jama'a na da haƙƙin sanin inda kuɗinsa ke shiga. Ma'aikacin da ya sa hannu aka yi gini a kan hanyar ruwa, shi ya kamata a fara tuhuma kafin a aiko katafila ta rushe rumfar talaka. Tabarma da mudun shinkafa bayan ɓarna ba su mayar da jarin shekara ashirin.

Saboda haka ɗan Arewa mazaunin Kudu ya daina raɓe-raɓe. Yana biyan haraji a inda yake zaune, yana da ƙuri'a a can in ya yi rajista, yana kuma da ikon haɗa kai da maƙwabtansa Yarabawa da Ibo su tunkari kansila da shugaban ƙaramar hukuma kan maganar kwalbati, tun da ruwan da ya ci shagon Alhaji ba zai tsallake na Mama ba. Wanda ya ƙi gyara lambatu da shebur a watan Maris, zai kwashe jarinsa da kwando a watan Oktoba. Allah ya kiyaye, ya sa masu kunne su ji.