TUFKA DA WARWARA A SARARIN SAMANIYA: KADA KUSKUREN STAR TREK YA ZAME MANA HUJJA

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amma abin mamaki, akwai wasu a cikinmu marubuta da in sun hango gemun wani yana ci, sai su ce ashe ƙonewar gemu ba aibu ba ce. Da zarar an nuna wa mutum tufka da warwara a littafinsa, sai ya kada baki ya ce ai ko mutanen Amurka, da kuɗinsu da na'urorinsu, finafinansu cike suke da irin wannan. Wannan hujja ce muke son mu yi wa filla-filla a yau, kuma za mu ɗauki misali da shirin talabijin ɗin nan na ƙagaggen labarin kimiyya, wato Star Trek.

Ga wanda bai san shi ba, wani marubuci ne mai suna Gene Roddenberry ya ƙirƙiro shi, tashar NBC ta Amurka ta nuna shi daga 1966 zuwa 1969, kashi 79 cikin zango uku. Labari ne na wani jirgin sararin samaniya mai suna Enterprise da Kyaftin Kirk ke jagoranta, suna yawo daga wannan duniya zuwa waccan. Daga baya shirin ya haifi finafinan silima da wasu shirye-shiryen masu yawa. Ba mu musa cewa akwai kurakurai a cikinsa ba. Abin da muke cewa shi ne kuskure suna ya tara, kuma dole a rarrabe tsakanin aya da tsakuwa.

Kashi na farko shi ne kuskuren da rashin hali ko larura ta jawo. James Doohan, wanda ya fito a matsayin injiniya Scotty, sojan Kanada ne a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya rasa ɗan yatsan tsakiya na hannun dama a gaɓar tekun Faransa a 1944. Masu ɗaukar hoto sun yi ta ƙoƙarin ɓoye hannun, amma a wasu wurare mai lura zai gani. Haka kuma mutanen wata duniya da ake kira Klingon, a shirin farko goshinsu sumul yake kamar na kowa, domin kuɗin kwalliya bai taka kara ya karya ba. Da aka samu kuɗi a fim ɗin 1979, sai ga su da goshi mai tudu-tudu. Irin wannan muna iya kau da kai, domin ba alƙalami ne ya yi laifin ba.

Kashi na biyu kuwa shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye, wato inda labari ya ƙaryata kansa. A wani kashi na 1966, an nuna dutsen kabarin da wani abokin gaba ya tanadar wa Kyaftin, an rubuta James R. Kirk, alhali daga baya duniya ta san shi da James T. Kirk. A fim ɗin 1982, mugun nan Khan ya ga Chekov ya shaida shi nan take, a matsayin wanda ya sani tun haɗuwarsu ta farko. To amma kashin da Khan ya fara fitowa an nuna shi ne a zango na ɗaya, a farkon 1967, shi kuwa Chekov sai a zango na biyu aka shigo da shi. A ina suka san juna?

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne na Scotty. A wani kashi na 1992, an ceto shi bayan ya shekara 75 a maƙale cikin wata na'ura. Da ya ji sunan jirgin da ya cece shi, sai ya ɗauka Kirk ne da kansa ya zo nemansa. Shekara biyu bayan haka, a fim ɗin 1994, sai aka nuna mana cewa tun kafin Scotty ya maƙale, yana cikin jirgin da Kirk ya ɓace har aka haƙƙaƙe ya mutu. Yaya mutum zai sa ran ceto daga wanda ya yi wa makoki? Kuma marubuci guda, Ronald D. Moore, shi ya rubuta na farkon, da hannunsa kuma a na biyun. Asalin abin shi ne an tsara wurin ne don Spock da likita McCoy, 'yan wasan suka ƙi fitowa, sai aka cusa Scotty da Chekov. An zaɓi sananniyar fuska, aka yar da gaskiyar labari.

Wani zai ce, haba malam, labarin da mutum ke narkewa a nan ya bayyana a wata duniya, shi ne za a tsaya ƙididdigar harafi ɗaya a jikin dutse? Ai duk ƙage ne! To a nan ne aka yi kitso da ƙwarƙwata. Mai kallo ya yarda da jirgin da ya fi haske gudu ne domin an yi yarjejeniya da shi tun farko cewa a wannan duniyar haka abin yake. Bai yarda a ce masa fari yau, gobe a ce baƙi ba. Ko yaran da ake yi wa tatsuniya da dare sun amince Gizo yana magana, amma ka ce sunan matarsa ba Ƙoƙi ba, ka ga yadda za su taso maka. Iyakar nisan labari daga abin da ido ya saba gani, iyakar buƙatarsa ga tsayuwa a kan magana ɗaya, domin ba shi da wani mashaidi sai kansa.

Wani kuma zai ce ai duk da haka shirin ya shahara. Gaskiya ne, amma a dubi bashin da ya yi ta biya. A 1993 wani mai suna Phil Farrand ya wallafa littafi sukutum yana lissafa kurakuran ɗaya daga cikin shirye-shiryen, kashi bayan kashi. Maganar goshin Klingon kuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A 1996 aka taɓo ta cikin raha aka wuce, sai a 2005 aka ɓata kashi biyu cur ana bayanin cewa wata cuta ce ta shafe musu goshi. Shekara 26 ana neman ƙyallen da za a yi wa riga faci! Su suna da kamfani da dubban masoya masu ƙirƙiro musu uzuri. Kai da ka ci bashi ka buga littafinka, wa zai yi maka wannan hidima?

Ba muna goyon bayan masu kallo da jan biro a hannu ba ne, waɗanda ba sa ganin komai a aikin mutum sai inda ya yi tuntuɓe. Mu malaman makaranta mun san cewa wanda ke duba insha'in ɗalibi don farautar kuskure kawai ba gyara yake yi ba. Amma mun kuma san cewa ɗalibin da ya kashe kakarsa a sakin layi na farko, ya aike ta kasuwa a na uku, bai sake karanta abin da ya rubuta ba. Wannan raina mai karatu ne, ba wani abu ba.

'Yan'uwa marubuta, masu Star Trek suna da ɗan uzurin da mu ba mu da shi. Marubuta da yawa ne suka yi aikin, cikin shekaru masu yawa, ga gaggawar fitar da shiri kowane mako. Duk da haka tun a shekarun farko sun tanadi kundin jagora da ake bai wa kowane sabon marubuci, mai bayanin jirgin da halin kowane tauraro. Mu kuwa mutum ɗaya ne ke rubuta littafi na ɗaya da na biyu da na uku, ko ya riƙa sakin labari kashi-kashi a waya, amma sai yarinya ta shiga da shekara 17 ta fito da 16, ko ɗan fari ya koma auta ba tare da an yi wata haihuwa ko rasuwa ba.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. A sayi littafin rubutu guda, a ware wa kowane tauraro shafinsa: cikakken suna, shekaru, iyaye, gari, sana'a, da abin da ya sani da lokacin da ya san shi. Kafin a fara littafi na biyu a zauna a karance na ɗaya tsaf. Kafin a kai maɗaba'a a ba wani mai ido, wanda ba ya jin nauyinka, ya duba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya fitar da kuɗinsa ya sayi littafinka ya ba ka amanar hankalinsa ne, kuma kuskuren wani a Amurka ba zai wanke ka ba ranar da ya kama ka da baki biyu.