Zafin Bazara Da Tayar Keke: Laifin Rana Ne Ko Namu?

 

Duk wanda ke zaune a Tamale ko Yendi ko Walewale ko Bolga ba sai an gaya masa cewa hunturu ya yi sallama ba. Tun daga ƙarshen watan Fabrairu rana take karɓar aiki, kuma daga nan har ruwan farko ya sauka, ba abin mamaki ba ne ma'aunin zafi ya taɓa digiri 40 da azahar. Ba mu manta da bazarar 2024 ba, wadda ta zo a cikin azumi, lokacin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a farkon Afrilu. Namu bai kai haka ba, amma mu ma mun ɗanɗana.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen wannan wata shi ne wani abu da ya faru a makarantarmu. Muna cikin aji wajen ƙarfe ɗaya na rana, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Yara suka zabura, wasu har sun fara shiga ƙarƙashin benci. Da muka leƙa, ashe tayar wani keke ce ta fashe a inda yara ke jera kekunansu a filin makaranta, ba wanda ya hau, ba wanda ya taɓa. Aji ya kwashe da dariya. Yarinya ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wato mai keken. Gidansu yana can bayan gari, tafiyar da ta fi awa guda a ƙafa. Ranar da jan keke ta koma gida cikin rana tsaka, kuma kwana uku ba mu gan ta ba, domin sai da mahaifinta ya haɗa kuɗin sabuwar taya da tiyub. A cikin kwana ukun nan aka yi jarrabawar gwaji ta lissafi.

To, a garin da keke shi ne jakin talaka, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tamale gari ne na masu keke, har manyan titunanmu an ware musu hanyarsu a gefe. Da keke ɗalibi ke zuwa makaranta, da shi manomi ke zuwa gona, da shi ake kai kaya kasuwar Aboabo, da shi kuma ake neman ruwa idan famfo ya ƙafe. Taya ta fashe, aikin yini ya tsaya.

Kowa ka tambaya zai ce maka rana ce ta fasa ta. Mu ma haka muka ɗauka. Amma da yake aikinmu koyarwa ne, sai muka ce bari mu ɗauki alli mu lissafa, mu ga ko rana tana da ƙarfin da ake ba ta.

Gaskiya ne iska tana neman buɗewa idan ta ji zafi. Idan kuma an kulle ta a wurin da ba ta da hanyar fita, kamar cikin tiyub, sai ta ƙara matsa bangon abin da ke riƙe da ita. Masana kimiyya sun daɗe da sanin yadda ake auna wannan ƙari. Ana ƙara 273 a kan digirin zafi, sa'an nan a kwatanta. A ce ka yi wa kekenka famfo da sassafe, zafi yana digiri 25, ka ga ya zama 298 ke nan. Da rana ta take, baƙar kwalta da baƙar taya suna iya kai digiri 60 ko da iskar gari 40 take, domin baƙin abu yana shan zafi. Wannan ya zama 333. Daga 298 zuwa 333 ƙarin bai wuce kashi 12 cikin 100 ba. Idan muka juya shi zuwa ma'aunin da ake rubutawa a jikin taya, wato PSI, tayar da aka cika zuwa 50 da safe za ta kai wajen 58 da azahar.

Daga 50 zuwa 58. Iyakar abin da rana ta iya yi ke nan. Masu ƙera taya kuwa sukan bar rata mai yawa sama da lambar da suka rubuta a gefenta, saboda sun san za a shiga rana da ita. Ashe dai lafiyayyar taya, da aka ɗaura daidai aka kuma cika daidai, ba za ta fashe don zafin rana kawai ba. Kekuna fiye da hamsin ne a filin nan ranar, duk rana ɗaya ta doke su, amma guda ɗaya ne ya yi ƙara.

Da wannan tambaya muka je wurin wani dattijo mai faci da ke zaune ƙarƙashin dalbejiya kusa da makaranta, wanda shi ne ya karɓi keken yarinyar. Muka ce, "Baba, me ya sami tayar nan?" Bai ce kome ba, sai ya jawo tsohuwar tayar daga cikin tarkacensa, ya lanƙwasa gefenta ya miƙo mana. Duk ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, har zaren ciki ya fito. Ya ce, "Malam, wannan ai ta daɗe da mutuwa, rana jana'iza kawai ta yi mata."

Maganar Baba ta yi daidai da abin da ke cikin littattafai. Roba ba ta son hasken rana. Yau da gobe haske da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsagewa, musamman a gefe inda ta fi sirantaka. Ƙarfin taya kuwa ba a robar yake ba, a zaren da aka saƙa a cikinta yake. Da zarar zaren ya ruɓe ko ya tsinke, sai tiyub ya sami ƙofa ya leƙo waje, ya kumbura kamar balan-balan. A nan ne ƙarin nan na 8 da muka lissafa yake ƙarasa aikin. Ku riƙe wannan: duk lokacin da kuka ji ƙara mai ƙarfi, to tiyub ya riga ya fito daga cikin taya kafin ya fashe, ko ta wata tsaga, ko kuma bakin tayar ya zame daga kan wili domin ba a zaunar da shi daidai ba. Ƙaya ko ƙusa ba sa sa wannan ƙara, su sace iska suke yi a hankali.

A nan dole mu taɓo kekunan gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema a kawo mana arewa. Ba mu kushe su ba, da yawansu ƙarfensu ya fi na sababbin kyau, kuma su ne daidai aljihun malamin makaranta. Sai dai tayar da ke jikinsu ta riga ta yi shekaru a ƙasar sanyi, wataƙila ma a ajiye. Zanenta yana nan raɗau kamar sabuwa, mai saye ya duba ya yi murna, alhali robar ta tsufa. Zane ba shi ne shaida ba. A lanƙwasa gefe a duba. Araha dai ba ta ado.

Sai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare, wadda mu kanmu mun yi shekaru muna yi. Da zarar bazara ta shigo, sai mutum ya rage iskar tayarsa sosai, wai don kada ta fashe. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Taya mai ƙarancin iska tana lotsewa a duk juyi, ta miƙe, ta sake lotsewa, kuma wannan lanƙwasa da kanta zafi take haifarwa, kamar yadda waya ke yin zafi idan kana lanƙwasa ta gaba da baya don ka karya ta. Zaren gefe ya gaji, ya fara tsinkewa. Ga shi kuma da ka faɗa rami ko ka hau dutse, sai bakin wili ya datse tiyub.

Abin ya fi muni ga masu ɗaukar ruwa. Jarkar nan rawaya da ake wa laƙabi da galan Kufuor, babbar tana cin lita 25, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Wanda ya ɗaure huɗu a kariya ya ɗora wa keke kilo 100 ke nan, ban da nauyinsa shi kansa, kuma kusan duka a kan tayar baya. Irin wannan keke iska yake buƙata cikakkiya, ba ragi ba. Abin da ya dace shi ne a karanta lambar da ke gefen taya, a tsaya ƙasa da ita kaɗan, a kuma yi famfon da safe ko da yamma. Wanda ba shi da ma'auni, kuma yawancinmu ba mu da shi, sai ya hau keken ya sa wani ya duba masa: tayar ta ɗan faɗaɗa kaɗan a inda ta taɓa ƙasa, amma kada ta baje. A kuma kula da injin iska na masu facin mota. An yi shi ne don babbar taya, kafin ka ƙifta ido ya cika ta keke ya wuce kima.

Wani abu da mutane ba su lura da shi ba shi ne tiyub yana rasa iska a hankali ko da ba shi da huji ko ɗaya, domin iska tana ratsa jikin roba, kuma zafi yana ƙara saurin wannan. Saboda haka a bazara famfo ya fi yawa, ba wai maigyara ya cuce ka ba ne. Masu tsohon keke irin Phoenix kuma su tuna da 'yar robar nan siririya da ke cikin bawul. Ita ce ta fi kome saurin narkewa ko bushewa, kuma ita ce mafi arahar abu a jikin keke. Sau nawa aka kwance taya ana neman huji a cikin kwanon ruwa, alhali ita ce ta lalace? Sunan irin wannan bawul ma daga Dunlop ya samo asali, wato John Boyd Dunlop, likitan dabbobin nan da ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a birnin Belfast. Garin sanyi ne da yawan ruwan sama, ba mu jin ya taɓa tunanin za a kai abin nasa hanyar Savelugu a watan Maris.

Faci ma yana da nasa. Tiyub da aka yi wa faci bakwai ko takwas, wani a kan wani, bazara ce ke tona masa asiri, domin zafi yana sassauta sholisho idan tun farko bai kama da kyau ba. Yawanci kuma gaggawarmu ce ke jawo haka. Muna tsaye a kan mai faci muna cewa ya yi sauri za mu makara, shi kuma sai ya manna kafin sholishon ya sha iska. Ƙa'ida ita ce a kankare wurin, a shafa kaɗan, a jira ya bushe har ya daina ƙyalli, sa'an nan a manna a danne. Minti biyar ne kacal.

Baba ya koya mana karatun huji, mu kuma ga shi mun kawo muku kyauta. Idan hujin yana bayan tiyub, wajen da ke fuskantar ƙasa, ƙaya ce ko ƙusa ko kwalba, sai a shafa cikin taya da yatsa a hankali a cire ta, in ba haka ba gobe ma a dawo. Idan huji biyu ne a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan. Idan kuwa yana ta ciki, wajen da ke kwance a kan wili, to kan sifok ne ya soke shi, domin robar da ake shimfiɗawa ta rufe kawunan ta bushe ko ta goce. Wannan tsohon tiyub ma ana yankawa a yi ta.

Akwai wuri guda da zafi kan yi ɓarna da gaske, wato doguwar gangara. Birki yana goga wili, wili ya yi zafi, zafin ya shiga tiyub kai-tsaye. Mu nan Tamale ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu cika gamuwa da wannan ba. Amma 'yan'uwanmu da ke sauka daga tudun Nakpanduri da buhu a baya su riƙa tsayawa suna taɓa wilin, in ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, a dakata ya huce.

Kada kuma garin kula da taya a manta da mai tuƙi. Taya ana sayen wata. Wanda yake tafe cikin rana ya ji jiri ko ciwon kai ko tashin zuciya, ya sauka ya nemi inuwa da ruwa nan take, kada ya ce bari in ƙarasa. Iyaye su haɗa yaro da gorar ruwa kamar yadda suke haɗa shi da littafi.

Yanzu sai mu dawo filin makarantarmu. Kekunan yaran nan suna tsaye a rana tun daga safe har a tashi, kwana biyar a mako, wata da watanni. Wannan tsayuwa ita ce take cin tayoyin, fiye da tafiyar da ake yi da su. Gindin mangwaro ɗaya da muke da shi kuwa, mu malamai mun cika shi da baburanmu, kuma ba mu ji daɗin rubuta wannan ba. Mun kai magana gaban shugaban makaranta da kwamitin iyaye cewa a kafa rumfa, ko da ta zana da itace ce, a kuma dasa dalbejiya idan damina ta sauka. Wani daga cikin iyaye ya yi alkawarin azara, wani ya ce zai kawo zana. Muna kira ga sauran makarantu da masallatan Juma'a da shugabannin kasuwa a zangunanmu su duba inda jama'a ke jingine kekuna, su ga ko akwai inuwa.

Kafin rumfar ta tashi, mun janye baburanmu zuwa bayan ofis, mun bar wa yara masu zuwa daga nesa gindin mangwaron. Yarinyar nan ita ce ke fara isowa, kuma an yarda ta sake rubuta lissafinta ranar Litinin.