SHARHI: Me Ya Hana Hausa Shiga Django?

A watan Agusta na 2020 ne aka shigar da harshen Ibo cikin Django, wato ginshiƙin nan na kyauta da masana kwamfuta ke gina shafukan intanet a kansa. Swahili ma yana ciki. Amma har zuwa fitowar Django 5.2 a watan Afrilu na 2025, babu Hausa.

Ba wanda ya hana mu. Django, wanda wani gidan jarida na jihar Kansas ta Amurka ya saki a 2005, 'yan sa-kai ne ke fassara shi, kalma bayan kalma. Al'ummar da ta ba da mutanenta, ita harshenta ke shiga.

Lamarin ya shafi aljihun 'yan kasuwarmu na Agege da Iyana Ipaja. Dillalin shanu a Oko-Oba, in ya sa aka gina masa manhajar lissafin kaya da bashi, saƙonninta da Turanci za su fito. Ko dai ya biya a fassara masa, ko ya dogara ga yaron da zai riƙa karanta masa, alhali asirin ciniki ba abin saki a hannun yaro ba ne.

Kuɗin aikin kuwa bai taka kara ya karya ba: ɗaki, lantarki, layin intanet da ɗan alawus ga matasan da suka iya Hausa da kwamfuta. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki wannan nauyi. Masu koyarwa ma ba su yi nisa ba, domin a nan Ikko aka yi taron PyCon Nigeria na farko a 2017, na masu aiki da Python, harshen da aka rubuta Django da shi.